Zafin bazara alamar fari ne? Amsa ga wani manomi a Kaduna

Wani magidanci da ke zaune a Rigasa, mai noman masara da waken soya a wajen Soba, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ana ta faɗa a rediyo da WhatsApp cewa bana za a yi zafin da ya wuce na kullum, kuma wai ruwa zai ɗauke bayan an yi shuka. Ni dai wayata ta sha ce mini gobe akwai ruwa, gari ya waye ko ɗigo babu. Wanda ya kasa faɗin na gobe, ta yaya zai faɗi na wata uku? Sannan a ƙauyenmu wasu dattawa na cewa in bazara ta yi zafi damina za ta yi kyau, wasu kuma na cewa alamar fari ce. Wanne zan kama? Iri da takin da ke ɗakina da bashi na saye su."

Alhaji, Allah Ya sa wa gonar albarka, Ya ba ka ikon sauke bashin nan cikin sauƙi. Ga amsar a dunƙule kafin mu warware ta. In an ce maka za a yi tsananin zafi nan da kwana biyar, ka yarda, ka shirya. In wayarka ta ce gobe za a yi ruwa a gonarka, ka riƙe maganar sako-sako, ƙorafinka a kanta gaskiya ne. Hasashen damina baki ɗaya yana tsakanin waɗannan biyun, yana da amfani ga wanda ya san yadda ake karanta shi. Zafin bazara kuwa, komai tsananinsa, ba shi ke yanke wa damina hukunci ba. Na daɗe ina aikin auna yanayi, ina kuma zama da manoma, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake zuba waɗannan abubuwa a tukunya ɗaya. Waya ta saɓa a kan ruwan gobe, sai mutum ya yi watsi da gargaɗin zafi, alhali shi wannan kusan kullum yakan tabbata.

Akwai masu ganin aikin nan shiga gaibu ne. Wanda ya ga hadari ya haɗo daga gabas, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, ya ce wa iyalinsa su kwashe shanya, babu mai cewa ya yi duba. Aikinmu ke nan, sai dai kayan aiki sun sa idonmu ya ƙara nisa. Mai saukar da ruwa Allah ne, a inda Ya so, a lokacin da Ya so.

Yanayin ƙasar nan tamu kokawa ce tsakanin iska biyu. Ɗaya tana saukowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, busasshiya ƙayau. Ita ke kawo hunturu da hazo, kuma yawancin ƙurar da take ɗaukowa daga wani busasshen kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele. Ɗayar tana tasowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika, ɗauke da laima. Inda suka haɗu akwai layi da ya ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma, mu kira shi magamar iska. Magamar nan ba ta zama wuri ɗaya, rana take bi. A watan Janairu tana can kusa da bakin teku. Daga nan ta riƙa hawowa arewa, ta ƙetare kanmu wajen Maris zuwa Afrilu, a watan Agusta ta wuce Agadas ta shiga hamada, sannan ta juyo.

Ruwa ba ya sauka a kan magamar kanta. Iskar teku tana shigowa ne ta ƙasa kamar bakin gatari, siririya a gaba, mai kauri a baya. Sai magamar ta wuce ka da nisan kilomita 200 ko fiye kafin laimar da ke kanka ta yi kaurin da za ta haifi hadarin kirki. Tsakanin isowar laima da saukar ruwa, nan bazara take, kuma nan wahalar take.

Wajen tsakiyar Afrilu rana takan tsaya daidai kan Kaduna. Ka gwada da kanka: da ƙarfe goma sha biyu da rabi ka kafa sanda a miƙe a tsakar gida, za ka ga inuwarta ta kusa ɓacewa a gindinta. A lokacin hazo ya janye, sama tas babu gajimare, ƙasa kuma ta yi wata biyar ba ta ga ruwa ba. In ƙasa na da danshi, wani kaso mai yawa na zafin rana yakan tafi ne wajen busar da ita. In ta bushe, duk zafin a kan iska da jikin mutane yake ƙarewa. Shaidar wannan ita ce rana tana sake tsayawa a kanmu a ƙarshen Agusta, amma wa ke kukan zafi a tsakiyar marka? Saƙon nan kuwa da ke yawo duk shekara, wai rana ta matso kusa da duniya, ba shi da tushe. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, lokacin da muke ƙudundune cikin bargo.

A garin Kaduna zafin rana a Maris da Afrilu yakan tsaya wajen digiri 35 zuwa 37 a ma'aunin Salshiyas, ya ɗan haura a wasu ranaku. Tudun da muke kai, kimanin mita 600 daga doron teku, yana rage mana. Sakkwato da Maiduguri da Yola suna haura 40 a daidai lokacin. To amma wannan lamba ita kaɗai ba ta faɗin abin da jiki ke sha.

A tashar auna yanayi ma'aunin zafi yana cikin wani farin akwatin katako mai ƙananan kafofi da iska ke ratsawa, an ɗaga shi daga ƙasa kamar tsayin ƙirjin mutum. Saboda haka duk lambar da ka ji a rediyo ta inuwa ce, wanda ke tsaye a rana kan kwalta a Kawo yana shan abin da ya fi haka. A cikin akwatin akwai ma'auni biyu a jere, ɗaya a bushe, ɗaya an naɗe gindinsa da ƙyalle mai tsotsar ruwa daga ƙaramar kwalba. Na jiƙen ya fi sanyi, kamar yadda ruwan randa ya fi na bokiti. A farkon Maris tazarar da ke tsakaninsu takan yi faɗi ƙwarai, ruwan kwalbar yana ƙarewa da sauri. Wata safiya sai ka buɗe akwatin ka tarar tazarar ta matse. Ko ɗigon ruwa ba a yi ba, sama fes, amma ka san iskar teku ta iso cikin dare. Jikinka ma ya riga ya gaya maka: zufa ta daina bushewa, riga ta manne a gadon baya.

Jikin ɗan'adam da bushewar zufa yake sanyaya kansa. In iska ta cika da laima zufa sai ta tsiyaya kawai ba ta bushe ba, shi ya sa digiri 36 da laima ya fi 39 a bushe galabaitarwa. Sannan laimar tana zama kamar mayafi da dare, ta hana zafin da ƙasa ta sha da rana komawa sama. A unguwanni masu cunkoso irin Rigasa da Tudun Wada, inda kwano da siminti suka maye gurbin bishiyoyi, bango yakan riƙe zafi har asuba. Ni a wurina daren da bai huce ba ya fi ranar da ta yi ƙuna haɗari, don jikin tsoho ko jariri da bai sami hutu da dare ba, gobe da ragowar gajiyar jiya zai tarbi rana. Abin da masana ke kira guguwar zafi shi ne kwana uku ko fiye a jere zafi yana cikin mafi tsananin da wurin ya saba gani a irin wannan lokaci na shekara.

Me ya sa ake iya hango shi? Saboda abubuwan da ke haifar da shi manya ne, masu faɗin ɗaruruwan kilomita, kuma a hankali suke tafiya: iskar da ke danno wa daga sama tana hana gajimare haɗuwa, motsin magamar iska, yawan ƙura, bushewar ƙasa. Ana tattara awo daga tashoshin ƙasa irin waɗanda Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, ke da su a filayen jiragen sama, da balan-balan da ake saki ɗauke da na'ura, da jiragen sama, da taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton Afirka duk bayan minti 10 zuwa 15. A zuba wa manyan kwamfutoci, su lissafa yadda iska za ta motsa. Cibiyar hasashen ƙasashen Turai da ke Ingila takan maimaita lissafin sau 51, kowane karo ta ɗan sauya awon farko. In kusan dukansu suka ce Talata mai zuwa za a yi ƙuna, magana ta zauna. In suka watse, kowa ya kama gabansa, sai mai hasashe ya sassauta harshe. A kan zafi sukan yi ittifaƙi har zuwa kwana biyar ko bakwai. Bayan kamar mako biyu kuwa babu kwamfutar da ke iya faɗin yanayin wata rana takamaimai, saboda ƙaramin kuskure a awon yau yana girma kullum har ya cinye lissafin.

Kada ka raina gargaɗin zafi, Alhaji. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma wani babban asibiti a Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu. Mu ma nan mun ɗanɗana tamu bazarar a shekarar. In ka ji NiMet ta yi gargaɗi, ka mai da aikin ƙarfi sassafe ko bayan la'asar, leburorin da ke maka sharar gona su ma haka. Ka sa ido a kan tsofaffi, jarirai, masu ciki, da masu hawan jini ko ciwon suga ko na ƙoda. Tsoho sau da yawa ba ya jin ƙishirwa, sai an miƙa masa. Fitsari in ya yi ja, ruwan jiki ya yi ƙasa. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ruɗewa, a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a kwara masa ruwa ana yi masa fifita, ana kan hanyar asibiti ana ci gaba. Kuma a bar tagogi a buɗe, a rage cunkoson kwana a ɗaki ɗaya, don lokacin sanƙarau ne, ba ya lafawa sai ruwa ya sauka.

Yanzu ga wayarka. Ruwanmu ba irin na Turai ba ne da ke zuwa a shimfiɗe ya rufe ƙasa guda. Namu hadari ne. Yakan tashi da rana tsaka a wani wuri, sau da yawa a kan tsaunukan Jos, ya haɗa jiki, ya nufo yamma da gudun da ya kai kilomita 50 a awa, ya iso mana da almuru ko cikin dare. Shi ya sa kullum daga gabas muke ganinsa. Ko zai tashi yau ko ba zai tashi ba, ko zai bi ta Saminaka ya faɗo Kaduna ko ya karkata ta Soba zuwa Zariya, ƙananan abubuwa ne ke yanke wannan: wani fili da ya jiƙe shekaranjiya, wata iska da tsohon hadari ya bari. Kwamfuta tana yanka duniya ne gida-gida, kowane gida faɗin kilomita 9 ko fiye, kuma haihuwar hadari takan faru a abin da bai kai gida guda ba. Ga ƙarancin tashoshi: Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa Afirka tana da kashi ɗaya cikin takwas ne kawai na yawan tashoshin da ya kamata. Manhajar wayarka kuwa lissafin kwamfutar waje take kwasowa ta liƙa wa sunan garinku, babu mutumin da ya san Soba da ya duba shi. Bincike ya nuna cewa a yankinmu irin wannan ɗanyen lissafi, a kan ruwan gobe a wuri guda, da ƙyar yake fin wanda ya dogara da abin da aka saba gani a wannan watan.

Saboda haka in ka ga "kashi 60 cikin ɗari", ma'anarsa a kwana goma masu irin wannan yanayi ana samun ruwa a shida, a huɗu ba a samu. Kuma ka fi amfana in ka dubi mako gaba ɗaya: jiƙaƙƙen mako ne ke tafe ko busasshe? A nan lissafin ya fi ƙarfi, domin hadarurrukanmu suna zuwa ne rukuni-rukuni, a kan wani kaɗawar iska da ke ratsowa daga gabas duk kwana uku zuwa biyar.

To wanda ya kasa faɗin na gobe, ta yaya zai faɗi na wata uku? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce hanyar daban ce. Ba ka san buhu nawa za a sayar a kasuwar Saminaka ranar kasuwa mai zuwa ba, amma in ka zaga gonaki a watan Satumba za ka iya cewa bana masara za ta wadata ko za ta yi tsada. Gonakin da mai hasashen damina ke zagawa tekuna ne. Teku yana daɗewa kafin ya ɗumama, yana daɗewa kafin ya huce, kuma zafinsa yana jan ragamar iska wata da watanni. In gabashin tekun Fasifik ya ɗumama, abin da ake kira El Nino, daminar Sahel, wato yankin bakin hamada, takan karkata ga ƙaranci. Farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, waɗanda iyayenmu ba sa mantawa, sun zo ne daf da irin wannan. In mashigin tekun Gini ya yi ɗumi fiye da kima, ruwa yakan maƙale a kudu ya yi nawar hawowa. In Bahar Rum ya ɗumama, sau da yawa mukan ƙaru. Waɗannan igiyoyi ba kullum suke ja gefe ɗaya ba, shi ya sa sakamakon ke fita da harshen rinjaye: ya fi yiwuwa ruwa ya yi daidai, ko ya gaza, ko ya wuce.

NiMet takan fitar da hasashen shekara a farkon kowace shekara, wajen Janairu ko Fabrairu, da ranar da ake sa ran damina za ta kankama, ranar ɗaukewarta, tsawonta, da yawan ruwa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, har da wuraren da ake fargabar ruwa zai yi tsaiko. Cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai su ma sukan tara masana su fitar da na yankin kafin damina. Ka nemi layin Soba a ciki, ta hannun malamin gona ko a intanet, kada ka tsaya ga kanun labari. Jihar nan doguwa ce. Kafanchan da Kagoro suna samun ruwan shuka makonni kafin Makarfi da Ikara, kuma abin da suke samu a shekara ya fi na Zariya, wadda ke wajen milimita 1,000, nesa ba kusa ba. Hasashen da aka yi wa jiha a dunƙule bai san gonarka ba.

Dattawan ƙauyenku kuwa, kowane ɓangare ya riƙe wani gefe na gaskiya. Masu cewa zafi ke jawo ruwa sun lura da abu na haƙiƙa: zafin da ke taruwa a kan hamada shi ke zuƙo iskar teku zuwa arewa, kuma ranar da aka yi gumi mai nauyi sau da yawa hadari ke biyo bayanta. Masu cewa alamar fari ce su ma sun gani da idonsu: in ruwa ya makara, bazara takan yi tsawo, zafi ya daɗe. Amma a nan makarar ruwan ce ta tsawaita zafin, zafin bai kore ruwan ba. Ka dubi shekaru biyu. A Afrilun 2010 Yola ta kai digiri 46.4, amma a daminar shekarar ambaliya ta cinye garuruwa a Sakkwato da Jigawa. A 2024 bayan wannan bazara mai ƙuna, a watan Satumba madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta nutse. Duka shekarun sun biyo bayan El Nino ne, wanda ke barin ƙasashe masu zafi da ƙarin ɗumi na wasu watanni ko da ya fara janyewa. A ƙarƙashin wannan kuma ga ɗumamar duniya, wadda ta sa 2024 ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye awo. Don haka bazara mai tsanani za ta riƙa yawaita, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Abin da nake so ka ji tsoro, tunda iri da takinka na bashi ne, shi ne tsaikon ruwa bayan ruwan farko. A yankinmu shekara takan cika ma'auninta na ruwa amma manomi ya yi asara, saboda yadda ruwan ya rarrabu. Magamar iska ba ta hawa a miƙe, takan yi gaba ta dawo baya kamar mai tallar da aka kira. Ta yi tsalle arewa, a sheƙa ruwa a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, sannan ta ja da baya kwana goma sha. A wannan lokacin rana da iska suna zuƙe milimita 5 zuwa 7 na ruwa kullum daga jiƙaƙƙiyar gona. Ruwan milimita 20, wanda ya isa ya cika kwatami ya sa yara murna, kwana uku zuwa huɗu ya ishe shi tafiya.

Wata shekara na tsaya a gonar wani dattijo kwana goma sha shida bayan irin wannan ruwa. Ya shuka gonar kaf washegarin ruwan. Masarar ta fito layi-layi gwanin sha'awa, ganye uku-uku, amma duk ta nannaɗe kamar ganyen albasa. Ya durƙusa ya tona kunya da yatsa har gaɓa ta uku, ya ɗebo ƙasar ya murza, ta zube kamar gari. Bai ce mini komai ba, ya karkaɗe hannunsa a riga. Irin da ya sake saya ya fi na farko tsada, kuma maƙwabcinsa da ya jira mako uku ya riga shi cin sabuwar masara. Tun daga ranar ban ƙara yi wa manomi bayanin hasashe ba tare da na yi masa maganar gwangwani ba.

Ga maganar gwangwanin. Ka samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, irin na madarar gari. Ka ɗaure shi a kan turke a fili, nesa da bishiya da indararo, inda awaki ba za su ture shi ba. Kowace safiya a lokaci guda wanda ke kula maka da gonar ya tsoma rula, ya rubuta a littafi, ya zubar. Zurfin santimita 2 shi ne milimita 20. Kowace milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Ɗaya daga cikin ma'aunan da masana ke amfani da su a yankin nan wajen cewa damina ta kankama shi ne a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa a cikin wata gudan da ke biye. Rabin farko gwangwaninka zai gaya maka, daga Rigasa ma kana iya ji ta waya. Rabi na biyu shi ne inda hasashe ke shigowa: in ruwan ya zo makonni kafin ranar da aka sa wa Soba, kuma hasashen mako yana nuna bushewa, to ruwan gyaran gona ne, ka yi huɗa ka jira. A ɓangarenku ruwan shuka mai aminci a al'ada wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni yake zama. Kafin ka saki iri kuma ka tona, laima ta kai aƙalla tsawon tafin hannu.

In zuciyarka ba za ta iya jira ba, raba gonar. Ka shuka kashi ɗaya cikin uku, ka riƙe sauran irin a ɗaki. Taki kuwa kada ya taɓa busasshiyar ƙasa, musamman yuriya: in ka watsa ta a ƙasa mai zafi ba ka rufe ba, wani kaso yana bin iska, wanda ya taɓa shuka kuma ya ƙone ta. Ka jira laima, ka tona gefen shuka, ka zuba, ka rufe. In hasashe ya nuna damina za ta makara ko ta gajarta, ka tambayi malamin gona irin masara mai saurin nuna. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, nan kusa da ku, ta fitar da ire-iren masara masu suna SAMMAZ da dama, akwai masu nuna cikin kwana 90 zuwa 95, akwai waɗanda ba su kai haka ba, akwai masu jure ƙishirwa. Masara ta fi jin rashin ruwa lokacin da take fitar da kai da gemu za ta yi goyo, don haka ka lissafa wannan lokaci ya faɗa cikin ƙarshen Yuli zuwa Agusta, sa'ad da ruwa ya fi tabbata a nan. Datse kwarin kunya da 'yar ƙasa duk bayan taku biyu ko uku yana tsare ruwan farko a gona, in marka ta zo sai ka buɗe. Kuma duk lokacin da ruwa ya yi tsaiko ka leƙa cikin kan masara, don tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta fi ɓarna a irin wannan lokaci. Waken soya bai da gaggawa, tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli ya ishe shi, irinsa ma ba ya son ƙasa mai zafi.

Alamun da dattawa ke dubawa kada ka yar da su. Shamuwa daga kudancin Afirka take tasowa tana bin ruwa da ƙwari irin su fara da ke fitowa bayansa, ganinta a kan rimi ko tsamiya yana nufin laima ta iso. Juyawar iska zuwa kudu maso yamma, da raɓar da ka fara gani a kan mota da asuba, duk labari ɗaya suke bayarwa da ƙyallen nan na cikin farin akwati. Isowar laima suke shaidawa, kwanakin da za su biyo bayan ruwan farko kuwa sai ka haɗa da gwangwani da hasashen mako. Ka kafa turken tun yanzu kafin hadarin farko, ka saya wa yaron gonar rula da littafi, ka ce masa ya riƙa rubuta sifili a ranar da ba a yi ruwa ba, don jerin sifilin nan ne za ka ƙirga kafin ka buɗe buhun iri.